Yadda Ake Fara Kiwon Murjani da Kifin Teku a Gida da Kuɗi Kaɗan

Masu karatu da dama sun sha tambayata ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya kafa tankin gilashi na ruwan gishiri, mai murjani (halittar teku mai rai da ke zama manne a kan dutse) da kifin teku, a cikin ɗakinsa, kuma idan zai iya, ta ina zai fara. Zai iya, da sharaɗin ya san inda ake tsuke bakin aljihu da inda ba a tsukewa. Tanki, teburi, dutse da bokitai duk ana samunsu da araha ko na hannu. Ruwa, gishiri da kayan awo kuwa, wanda ya yi musu rowa zai biya da gawar kifi. A iya abin da na gani, kuɗin sabon shiga ya fi salwanta ne a kan dabbobin da ya saya tun tankin bai shirya karɓarsu ba. Saboda haka na jera matakan yadda suke bin juna, kuma ina roƙon kada a tsallake ko ɗaya.

1. Tanki da wurin ajiye shi

Ka nemi tanki mai cin lita 60 zuwa 100. Wanda bai kai lita 40 ba yana da arhar saye, amma yana da wuyar riƙewa, domin ruwa kaɗan yana saurin sauyawa. Idan lita 1 ta ƙafe daga tankin lita 20, kashi 5 cikin 100 na ruwan ke nan ya tafi ya bar gishirinsa, kuma murjani yana jin wannan sauyi a jikinsa. Wanda ya haura lita 150 kuma, duk abin da za a saya masa sai ya zama babba: fitila, famfo, gishiri da dutse. Tanki mai faɗi marar zurfi ya fi dogo mai zurfi, saboda fitila mai matsakaicin ƙarfi za ta iya kai haske har ƙasansa.

Tanki na hannu ba shi da aibi idan an duba shi da kyau. Ka bi silikon ɗin kusurwoyinsa da yatsa ka ga ko ya ɓamɓare, sannan ka cika shi da ruwan famfo a waje, ka bar shi kwana 2 a kan shimfiɗaɗɗen wuri kafin ka biya ko kafin ka shigar da shi ɗaki.

Gargaɗi: ka tambayi mai shi ko an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla a ciki. Tagulla tana kashe murjani, dodon koɗi da jatan lande ko da kaɗan ce, kuma dutse da yashi suna shanye ta su riƙa sakinta a hankali. Idan an taɓa zubawa, kada ka karɓi dutsensa da yashinsa ko da kyauta ne.

Tankin lita 80 da ruwansa da dutsensa yana haura kilo 100, don haka teburin ya zama mai ƙwari, wanda ba ya gurgunta. A ajiye shi nesa da tagar da rana ke shigowa kai tsaye, kusa da soket.

2. Ruwa

Nan ne wurin da ba a yin rowa. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da abubuwan da ba sa cutar da mutum amma suna lalata tankin murjani: kulorin, fosfet, nitiret, silika, wani lokaci har da tagullar da ta zubo daga bututu. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da na'urar RO/DI ta tace. Na'urar tana tura ruwa ta wani siririn tantani, sannan ta bi da shi ta cikin wasu ƙwayoyi masu tsince ragowar gishirin ma'adanai, har ya fito fes.

Hanya biyu ce. Ko dai ka sayi ƙaramar na'urar RO/DI taka, ko ka riƙa sayen tataccen ruwa a jarka. Ga tankin lita 60 sayen ruwa yana iya isa a watannin farko, amma idan ka lissafa kuɗin jarka da na sufuri na shekara guda, sau da yawa na'urar ce ta fi sauƙi. Ka sani cewa ƙananan na'urori suna zubar da kimanin lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita 1 mai tsabta. Ruwan da suka zubar yana yin wanki da ban ruwan shuke-shuke.

Ko wace hanya ka bi, ka mallaki ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan ma'adanan da suka narke a ruwa, wanda bai fi alƙalami girma ba kuma ba shi da tsada. Ruwan da za a haɗa gishiri da shi ya nuna 0, ko kusa da haka ƙwarai. Ruwan sha na roba ba ya maye gurbinsa, domin yawanci da gangan ake barin ma'adanai a cikinsa.

3. Haɗa gishiri da auna shi

Gishirin girki ba ya yin wannan aiki ko kaɗan. Wanda ake bukata shi ne haɗaɗɗen gishirin tankin teku, mai ɗauke da kalsiyam, magnisiyam da sauran sinadaran ruwan teku. Mafi araha daga cikin sanannun nau'o'insa ya wadatar ga murjanin da za mu fara da shi, kuma babban bokiti ya fi ƙananan ƙunshi sauƙi idan aka auna da kilo.

Ana zuba ruwa a sabon bokiti tukuna, sannan a barbaɗa gishiri a kansa ana motsawa. Idan aka juya tsarin, wato aka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam yana dunƙulewa ya zama farin gari da ba ya narkewa. Kusan giram 36 zuwa 40 ke shiga kowace lita, gwargwadon nau'in gishirin. A bar ƙaramin famfo yana juya ruwan na 'yan sa'o'i har ya washe, sannan a auna. Abin da ake nema shi ne kashi 35 cikin 1000, wanda a ɗaya ma'aunin, na nauyin ruwa, yake daidai da 1.025 zuwa 1.026.

Gargaɗi: akwai ma'aunin roba mai allura da ke lilo a cikin ruwa, wanda ya fi kowanne araha. Kumfa ɗaya idan ta maƙale a allurar ta isa ta sa shi ƙarya. Ka sayi rifiraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a duba ta haske, kuma ka riƙa daidaita shi da ruwan gwaji mai kashi 35.

4. Dutse da yashi

Dutsen da ke cikin tankin murjani shi ne babbar matatarsa, domin a ramukansa ne bakteriyar da ke cinye ƙazantar kifi take zama. Iri biyu ake sayarwa. Akwai rayayyen dutse, wanda aka ciro daga ruwa da bakteriyarsa da ƙananan halittunsa, akwai kuma busasshe. Rayayyen yana da tsada, kuma yakan shigo da baƙin da ba a gayyata ba, musamman wata 'yar halitta mai suna Aiptasia da ke harbin murjani kuma take yaɗuwa da sauri. Busasshen dutse ya fi araha, ba ya zuwa da annoba, illarsa kawai yana ɗaukar lokaci kafin ya rayu. Ni busasshen nake ba mai ƙaramin ƙarfi shawara a kansa. Kimanin kilo 1 ga kowace lita 10 ya isa, kuma mai ramuka marar nauyi ya fi mai tauri amfani.

A jera dutsen a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai haƙa ya tone ƙarƙashinsa ya rushe. A bar tazara tsakaninsa da bango yadda hannu zai shiga goge gilashi, a kuma bar ƙofofi da ruwa zai ratsa. Yashin aragonait, wato yashi mai kalsiyam da ake sayarwa don tankin teku, ake sawa, kaurin santimita 2 zuwa 3, bayan an wanke shi sau da yawa idan busasshe ne. Dutsen da aka tsinto a hanya ko yashin gini ba a san ƙarafan da ke cikinsu ba, kada a gwada su.

5. Motsin ruwa, zafi da tacewa

Murjani ba ya tafiya, ruwa ne ke kawo masa abinci ya kuma kwashe masa ƙazanta. Ga murjani mai laushi, wato marar ƙashi mai tauri, irin wanda za mu fara da shi, famfon ciki ya riƙa juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a sa'a, wato lita 800 zuwa 1600 a sa'a ga tankin lita 80. A karkata shi yadda saman ruwan zai riƙa kaɗawa, domin ta nan iskar shaƙa take shiga.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 na Salsiyos. Inda ake sanyi, hita mai kusan wat 1 ga kowace lita ta isa, tare da ma'aunin zafi na dabam, domin lambar da ke jikin hita ba abin dogaro ba ce. Inda ake zafi kuwa, na'urar sanyaya ruwa tana da tsada ƙwarai, amma ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri 1 zuwa 3. Sai dai tana ƙara ƙafewar ruwa, kuma za mu dawo kan wannan. Idan ruwa ya daɗe sama da digiri 29, murjani yana fara galabaita.

Matata mai rataye a bayan tanki, da audugar tacewa da ɗan gawayin tace ruwa, ta wadatar. A riƙa sauya audugar duk bayan kwana 3 ko 4. Na'urar kumfa mai fitar da ƙazanta, wadda ake kira sikima, da ƙaramin tanki na biyu da ake ɓoyewa a ƙarƙashin teburi, duka ana iya barinsu a tanki irin wannan muddin ana sauya ruwa a kan kari. Kuɗinsu ya fi amfani a kan fitila.

Gargaɗi: ruwan gishiri da lantarki abokan gaba ne. Kowace waya ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau, yadda ɗigon ruwan da ya bi ta zai faɗi ƙasa maimakon ya shiga soket. A sa makunni mai katse wuta da kansa idan ta zurare. A kuma tanadi ɗan famfon iska mai batir, domin idan wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya cik, rashin iska ne ke fara kashe kifi cikin 'yan sa'o'i, tun kafin rashin haske ya dami murjani.

6. Raya bakteriya kafin a sa kowace dabba

Wannan mataki ba ya cin kuɗi sosai, amma shi ne mutane suka fi kasa jurewa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya suna mai da amoniya nitirait, wasu kuma su mai da nitirait nitiret, wanda illarsa kaɗan ce kuma sauya ruwa yana rage shi. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, sai an raya su.

Bayan an cika tanki, famfo da hita suna aiki, fitila a kashe, sai a zuba amoniyam kulorait har awon amoniya ya nuna 2 ppm, wato kusan miligiram 2 a kowace lita. Wanda bai samu ba zai iya jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki. Kwalbar bakteriya ta sayarwa, ko ɗan dutse daga lafiyayyen tankin wani, tana gaggauta aikin. Daga nan sai awo duk bayan kwana 2 ko 3, ana rubutawa a littafi. Amoniya za ta hau ta sauka, nitirait ya biyo baya ya hau ya sauka, nitiret kuma ya riƙa taruwa. Yawanci ana ɗaukar mako 3 zuwa 6. Alamar kammalawa ita ce a sake zuba amoniya, a dawo bayan sa'a 24 a tarar da ita da nitirait duka sun koma 0. Sai a sauya kusan rabin ruwan don rage nitiret.

Gargaɗi: wasu za su ce ka jefa kifi mai juriya ya yi maka wannan aiki. Amoniya tana ƙona masa gaɓoɓin numfashi, kuma ko ya rayu ya sha azabar da babu dalilinta, tunda sinadari a kwalba yana yin aikin daidai.

7. Fitila da watannin muni

Yawancin murjanin da ake kiwo yana rayuwa ne da haske, domin a cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske su ciyar da shi. Fitilar LED ta tankin murjani, mai yawan shuɗin haske kuma wadda ake iya rage ƙarfinta, ita ce kayan da zai fi cin kuɗi a duk jerin. Ba sai mai haɗuwa da wayar hannu ba, amma fitilar tankin ruwan daɗi ko ƙwan ɗaki ba za su yi ba. Sa'a 8 zuwa 10 a rana, da agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa.

Da zarar an fara kunna fitila, tankin zai munana, kuma ya kamata ka san haka tun yanzu. Wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, ta yi 'yan makonni ta wuce da kanta idan silikar da take ci ta ƙare. Bayanta koriyar gansakuka mai kama da gashi takan fito a kan dutse, wani lokaci har da jan yauƙi mai shimfiɗuwa kamar bargo a inda ruwa ba ya motsi sosai. A nan ne mutane ke firgita su shiga sayen magunguna kwalba bayan kwalba. Abin yi shi ne a tsige da hannu, a goge da tsohon buroshi, a zuƙe da tiyo lokacin sauya ruwa, a rage abinci. Tankin da aka fara da busasshen dutse yakan yi wata 3 zuwa 6 kafin ya daidaita.

8. Masu shara, sannan kifi

Idan gansakuka ta bayyana, sai a kawo dodon koɗi na teku, guda 4 ko 5 ga tankin lita 80. Trochus yana kankare dutse da gilashi, kuma yana iya miƙewa da kansa idan ya faɗi rigingine. Nassarius kuwa yana kwana a binne cikin yashi, ɗan hancinsa kawai ke waje, amma da an jefa abinci sai ka ga yashin ya tsage a wurare uku ko huɗu suna fitowa a guje. Kada a saya da yawa, domin idan gansakukar ta ƙare yunwa ce za ta kashe su.

Kifi 2 zuwa 3 ƙanana sun ishi tankin lita 80. Wanda ya fi dacewa da mafari shi ne Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da fararen zane uku, kuma a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a tanki, domin ya saba da abincin gwangwani kuma ba a ciro shi daga teku ba. Idan aka sayi ƙanana biyu tare, wanda ya fi girma zai zama mace su zauna lafiya. Daga baya ana iya ƙara wani ƙaramin kifin, kamar Gramma loreto ko gobi. A bar mako 2 ko 3 tsakanin sabon kifi da na bayansa, kuma a rufe tankin da raga, domin da yawansu suna tsalle. Kafin ka biya, ka nemi a ciyar da kifin a gabanka.

Idan an zo gida, a ɗora jakar a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, a juye a bokiti, a riƙa ɗiga ruwan tanki a ciki na kusan rabin sa'a, sannan a ɗauki kifin shi kaɗai. Ruwan jakar a zubar da shi.

Gargaɗi: kifin da ake kira shuɗin tang yana bukatar tanki mai ɗaruruwan lita, kifin mandarin kuma yana cin ƙananan halittu masu rai da sabon tanki ba shi da su. Cutar farin ɗigo, wadda Cryptocaryon irritans ke jawowa, takan shigo da sabon kifi, kuma maganinta na tagulla ba ya shiga tankin murjani. Roba mai tsabta ta lita 30, da hita da soson tacewa, inda sabon kifi zai yi mako 3 zuwa 4 ana lura da shi, ta fi arha nesa ba kusa ba a kan barin tanki babu kifi sama da wata 2 don cutar ta mutu.

9. Murjanin farko

A fara da 'yan gutsattsari da masu kiwo ke yankowa daga nasu, domin sun fi manyan dunƙule araha, sun saba da zaman tanki, kuma za su girma a hannunka. Masu sauƙin hali su ne Discosoma mai kama da laima, Sarcophyton mai kama da fata, da Zoanthus mai launi iri-iri. Xenia da koren murjani mai shimfiɗuwa kamar ciyawa su ma suna da juriya, amma a ware musu dutsensu can gefe, in ba haka ba za su mamaye tankin. Acropora, murjani mai ƙashi mai tauri, da anemoni, halittar teku mai kama da fure, a bar su sai tanki ya shekara.

Kowane sabon gutsure a tsoma shi a ruwan wanke murjani kafin ya shiga, a fara ajiye shi a ƙasa inda haske ba shi da ƙarfi, a riƙa matsar da shi sama cikin makonni. Hasken da ya yi yawa lokaci guda yana sa murjani ya amayar da tsirran cikinsa ya koma fari.

Gargaɗi mai muhimmanci: wasu nau'o'in Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da guba mai ƙarfi da ake kira palitoksin. A sa safar hannu da tabarau, kada a taɓa su da hannu mai rauni, a wanke hannu bayan aiki. Kada a taɓa tafasa dutsen tanki ko a zuba masa ruwan zafi, domin tururin yana iya ɗaukar gubar ya kwantar da mutanen gida gaba ɗaya.

10. Aikin yau da kullum da kuɗin da ba ya ƙarewa

Ruwa yana ƙafewa, gishiri yana nan. Saboda haka abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, kowace rana. Ni kaina na yi wannan kuskure a tankina na farko: na yi kwanaki ina cikewa da ruwan gishiri, ina ganin Zoanthus ɗina sun ƙi buɗewa sun dunƙule kamar ƙananan maɓallai, sai da na ɗiga ruwa a rifiraktomita na ga 1.030. Gyaran ya ɗauke ni kusan mako guda, domin saukar da gishiri da gaggawa shi ma illa ne. Ka manna ɗan tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, ka riƙa cikewa zuwa nan.

Kowane mako a sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan da sabon haɗi mai gishiri da zafi iri ɗaya da na tanki. A lita 80 wannan lita 8 ce a mako, wato fiye da lita 400 a shekara, kusan kilo 16 na gishiri. Ka sa shi a lissafinka tun farko, tare da kuɗin wuta, abincin kifi, audugar tacewa, kayan cikin na'urar RO/DI da ruwan gwaji. Abinci sau ɗaya a rana, iya abin da za su cinye cikin minti 1 ko 2.

Da murjani ya shiga, awon da ya fi muhimmanci bayan gishiri shi ne alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa na dKH ba tare da hawa da sauka ba. Kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, magnisiyam kusan 1250 zuwa 1350, nitiret ƙasa da 10 amma kada ya kai 0, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, duka a ma'aunin ppm. A tankin murjani mai laushi, sauya ruwa na mako-mako yana riƙe waɗannan lambobi ba tare da an sayi wani ƙari ba. Sai ranar da littafinka ya nuna alkaliniti yana sauka tsakanin sauyin ruwa da na gaba, mako biyu ko uku a jere, sannan za ka fara tunanin sayen kwalbar kalsiyam da ta alkaliniti, kuma ko a lokacin a fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a sake aunawa washegari.